Kwalaben Rami da Gorar Gwaggo

Shekarar da ƙodata ta fara gajiya, saman firjinmu ya koma kamar teburin mai maganin gargajiya a bakin kasuwa. Gorunan roba ne jere, wata ruwanta baƙi, wata ja kamar zoɓo, wata kuma ka hangi saiwa tana iyo a ciki. Babu ko ɗaya mai suna a jiki. Kowace gora da mutumin da ya kawo ta, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sona yake yi. Wannan ne ya sa abin ya yi wuya.

Daga ƙafa abin ya faro. Takalmin da nake zuwa aiki da shi ya daina shiga, fuskata kuma da safe sai in gan ta a cike kamar wadda ta sha kuka. Ni mai buga takardu ce a wani ofishin gwamnati da ke GRA, zama ne aikina, don haka na ɗora wa kujera laifi. Da maigidana ya matsa muka je asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka yi hoto. Likitan wani dattijo ne marar yawan magana. Ya ce ƙodojina duka biyu sun yi rauni, ɗan abin da ya rage yana aiki shi za mu lallaɓa. Ya hana ni gishiri, ya hana ni kanwa, ya hana ni ƙwayoyin ciwon jiki da muke saye a kemis muna watsawa baki kamar gyaɗa. Sannan ya ajiye biro ya dube ni.

"Malama, duk abin da ban san shi ba, kada ya shiga bakinki. Ko wa ya kawo maki shi."

Ya ce bayan wasu makonni za a sake gwaji. In abin ya tsaya inda yake, mu ci gaba da magani. In ya ƙaru, sai injin wankin ƙoda. A hanyar fita na leƙa ɗakin da injinan suke, na ga mutane kwance, jininsu yana fita ta wata igiyar roba yana komawa ta wata. Na yi musu addu'a a zuciyata. Na kuma ce wa kaina, in har zan shiga ɗakin nan, to sai dai ciwon ya fi ƙarfina, amma ba ni zan kai kaina da hannuna ba.

A kwanakin nan ne na fara wani wasa. Wata abokiyar aikina ce ta sa mini shi a waya, ranar da ta zo dubiya ta same ni kwance ina kallon silin. Ta ce ba ya cin data, kuma zai rage mini zaman layin asibiti. Na ce ni da 'ya'ya uku da furfura a gaban goshi, ina ni ina wasan yara? Ta ce in gwada dai, in har na kwana ban zage shi ba, ta yarda na yara ne. Ko la'asar ba a yi ba na zage shi.

Rami ne a ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa, kamar bene da aka kifa. Ana ba ki mutum guda ki sauka da shi. Ni wata mai kwari da baka na zaɓa, ina kiran ta 'yar tawa. Ɗakunan duhu ne, sai inda ƙafarta ta taka ke yin haske, kuma a ciki akwai ɓeraye masu girman akuya, da jemagu, da ƙwarangwal masu takobi, da wasu halittun da ban san sunansu ba, duk dodo nake ce musu. A saman waya akwai wani jan layi, shi ne ranta. In ya ƙare ta mutu, kuma ba a mayar da ke inda kika tsaya. Duk abin da kika tara ya tafi, sai ki koma bakin rami hannu Rabbana. Ramin da za ki sake shiga kuma ba wanda kika sani ba ne. An sake ɗakunan, an sake ƙofofin, an sake abin da ke laɓe bayan kowace ƙofa. Ba wasan da ake haddacewa ba ne.

Abu ɗaya ya sa na zauna da shi, ba a gaggawa. Sai kin motsa abokan gaba suke motsawa. Dodo yana iya tsayawa a gabanki da gatari a sama, ki ajiye wayar, ki yi salla, ki sha maganinki, ki dawo ki same shi yadda kika bar shi, yana jiran shawararki. A lokacin nan kowa yanke mini shawara yake yi, tun daga abin da zan ci har gefen da zan kwanta, sai ladabin dodon nan ya burge ni.

Na mutu ba adadi. Ɓera ya kashe ni a ɗakin farko. Na taka tarko na faɗa tsakiyar ƙwarangwal. Yunwa ta kashe ni ina yawon neman ƙofa. Har akwai ranar da na mutu da jaka cike da kayan tsira, don ina ta adana su sai ranar wuya, ban lura ranar wuyar ce ta zo ba. Da farko komai sa'a nake ɗora wa, in ce wanda ya ƙirƙiri wasan nan mugu ne, ba shi da tausayi. Sai a hankali na fara ganin cewa sa'a tana da rabonta, ni ma ina da nawa. In suka taso mini da yawa ina tsakiyar ɗaki, sun gama da ni. In na ja da baya na tsaya a bakin ƙofa, dole su zo ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗaya-ɗaya ina iyawa da su. Na daina buɗe ƙofa ban san inda matakalar guduwa take ba. Kibiya tana iya kuskure ko da dodon yana gaban hancina, wannan ba ni da iko a kai, saboda haka na daina shiga faɗan da sai kowace kibiya ta samu sannan zan fita da rai. Hana kibiya kuskure ya fi ƙarfina, sai na koyi tsayawa inda ko kuskuren ya zo ba zai kashe ni ba.

Sai kuma kwalabe. A ƙasa ake tsintar su, ja, koriya, shuɗiya, ruwan toka, ba suna a jiki. Wata tana cika jan layin nan taf, wata tana ƙara ƙarfi, wata makanta take sawa, wata barci, wata kuma da an buɗe ta wuta ke tashi. Wata rana na yi nisa fiye da kullum, jemagu suka yi mini rubdugu, layin ya rage kamar zare. Na tuna jiya shuɗiya ce ta warkar da ni, ga kuwa shuɗiya a jaka. Ban ko yi tunani ba na ɗaga na sha. 'Yar tawa ta kama da wuta, ta ƙone ƙurmus ina kallo. Ashe launin ma sake shi ake yi duk shiga, shuɗiyar jiya ba ita ce shuɗiyar yau ba. Na wurga wayar kan katifa da ƙarfi, har maigidana ya leƙo yana tambaya ko jikin ne.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Kwalbar da ban sani ba, in layina a cike yake, kuma ina tsaye kusa da ruwa, ina iya gwada ta, don ko ta zo da sharri akwai abin da zai rage mini. In layin ya yi ƙasa kuwa, ba ta zuwa bakina, sai dai in jefa ta daga nesa in ga abin da za ta yi wa dodo. Mai cikakken rai ne ke da halin gwaji.

A waje kuma labarin ciwona ya zaga unguwarmu, Ƙofar Guga. A garinmu ba a zuwa dubiya hannu sake. Da ciwon wani iri ne, lemo da madara za a kawo, amma da aka ji ƙoda ce, sai kowa ya tuna da wani da ya san wani. Mata su shigo, a yi gaisuwar nan tamu mai tsawo, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya yara, ya maigidan, ya haƙuri, Allah ya sa kaffara ne, sannan a zuge jaka a fito da gora. Kowace gora da labarinta. Wannan wani ɗan acaɓa ne ya sha bayan likitoci sun sallame shi, ga shi can yana ɗaukar fasinja. Waccan daga ƙauye aka aiko da ita, wata tsohuwa da ta kumbura kamar tulu ta sha ta miƙe. Ban taɓa jin labarin wanda ya sha bai tashi ba. Na ce wa maigidana ai waɗannan ba su samu zuwa dubiya ba ne, ya ce in ji tsoron Allah in rage baki.

Ladabin abin shi ne ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, sannan ki kurɓa a gaban wadda ta kawo don ta ga ba ki raina ba. Biyun farko na iya su sarai. A na ukun nake zillewa, in ce yanzun nan na sha na asibiti, sai an jima kada su haɗu. Maigidana ya karɓa ya ɗora a saman firji. Wasu sun gane, suka kawar da kai. Dabarar ta yi mini aiki a kan maƙwabta da matan ofis, amma na san akwai mutum ɗaya da ba za ta yi aiki a kanta ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ita ta ɗauke ni ta kai ni gidanta a wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau, ta goye ni, ta yi mini kitso, ta raka ni makaranta ina tirjewa. Da na girma ita ta yi mini wankan jegon 'ya'yana duka. Duk abin da ya shiga bakina ina yarinya daga hannunta ya fito, kunu ne, fura ce, jiƙon sabara ne in ciki ya ɓaci, kuma ban taɓa tambayar ta mene ne wannan ba. Mace ce mai nauyin hannu a gishiri da daddawa, daga zaure ake jin miyarta, kuma ko kafin ta ɗanɗana abinci ta riga ta barbaɗa masa gishiri. Tsufa ya cinye mata gwiwoyi, da sanda take tafiya, amma bai taɓa bakinta ba.

Wata Juma'a da hantsi ta zo, ɗakina cike da mata. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta sauka kan tabarma da ƙyar tana riƙe da sandar. Da aka gama gaisuwa ta kwance wata baƙar leda ta fito da gora, ruwan cikinta ƙasa-ƙasa. Ta ce Bafulatanar da ke kawo mata nono ce ta ba ta labarin wani tsoho a rugarsu, can bayan gari. Ita da kanta ta hau acaɓa ta je, da gwiwoyin nan nata, ta zauna gindin itace har ya dawo daga kiwo. Ba ta aiki kowa ba don kada a kawo mata ba daidai ba. Ta sa aka miƙo mata kofi, ta tsiyaya, ta yi bisimilla, ta miƙo mini.

"Amshi, ɗiyata. Shanye shi duka."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Na gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na sha na asibiti, bari in an jima..."

"Ni za ki yi ma wannan? Ai na ga saman firjinku da na shigo. Sha ina gani."

Kofin yana hannuna yana ƙanshin ɓawon itace da hayaƙi. Ina son matar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma na san abin da hawan mashin ya yi wa ƙafafunta. Hannuna har ya ɗaga kaɗan. Ba maganar likita ce ta tsayar da shi ba. 'Yar tawa ta cikin rami na gani tana ci da wuta da shuɗiyar kwalba a hannu. Na san abin dariya ne a ce babbar mace ta tuna wasan waya a irin wannan wuri, amma abin da ya zo mini ke nan. Na kuma tuna cewa ba wanda ya ce lallai sai na motsa yanzu-yanzu. Na numfasa, na ajiye kofin a kan tabarma a tsakaninmu.

"Gwaggo, mi ke ciki?"

"Magani."

"Na wane itace?"

"Ina ruwanki da itacen? Shi mai maganin bai hwaɗa ma kowa, sirrin gidansu ne."

"To ba ni sha."

Wata daga cikin matan ta ce subhanallahi. Wata ta jawo mayafi ta rufe baki. Gwaggo ta dube ni irin kallon da take mini ina yarinya in na fasa mata tulu.

"Guba kike cewa na kawo maki? Ni?"

"Ban ce ba. Cewa na yi ba ki san abin da ke ciki ba, ni ma ban sani ba."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin, ta kafa kai, ta shanye tas, ta kife shi a kan tabarma. Ta goge baki da gefen mayafi.

"To ga shi nan. Na mutu?"

"Allah ya ƙara maki lahiya, Gwaggo. Ke ƙodarki biyu garau suke, kina da halin gwadawa. Ni ɗan abin da ya rage mani bai isa gwaji ba. In ya zo daidai, alhamdu lillahi. In bai zo daidai ba, ba a sake mani wata."

"Allah ke warkarwa, ba likita ba."

"Na yarda, Gwaggo. Shi ne kuma ya ba ni hankalin da nike ce maki a'a da shi."

Na san maganar ta yi tsauri tun kafin ta gama fita, amma ban janye ta ba. Gwaggo ta dafa sanda za ta tashi, mata biyu suka zabura su kama ta, ta ture hannunsu. Ta bar gorar a inda take. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na goyi ɗiya, waya ta ƙwace mani ita." Ashe labarin wasan ma ya kai Gobarau.

Ta daina zuwa. In na kira sai a ce mini tana salla, ko da ba lokacin wata salla ba ne. A dangi aka yi ta magana: boko ya hau mini kai, na raina wadda ta rene ni, ina wasan aljanu a waya, har wani ya ce caca ce nake yi tunda abin na sa'a ne. Masu dubiya suka ragu, gorunan ma suka daina ƙaruwa, wannan kam bai dame ni ba. Rashin Gwaggo ne ya dame ni. Sau da yawa na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito, don kada yara su gani.

Maigidana mutum ne mai son zaman lafiya, rigimar ta hana shi sakat. Wata rana bayan azahar ya tsaya gaban firji yana kallon gorar.

"Ko kurɓa ɗaya ki yi mana, in je in ce mata kin sha."

"To ka je ka ce mata na sha."

"Ba ni yi ma tsohuwa ƙarya."

"Ni kuma ba ni sha. Sai mu zauna haka."

Muka zauna haka. Shi bai sauke gorar ba, ni ban zubar da ita ba.

Ana gab da ranar gwajin na yi wata shiga rami da ta fi kowace kyau. Tun a hawan sama na tsinci sulke, abinci ya wadata, na bi kowane ɗaki a hankali, na tsaya a kowace ƙofa, na gudu duk inda ya kamata a gudu. Na sauka har inda ban taɓa gani ba, inda bangon ya koma ja. Can na buɗe wata ƙofa na ci karo da wani ƙaton dodo mai jan sarƙa. Na yi masa rauni sosai, saura kaɗan ya faɗi, sai kibiyoyina suka shiga kuskure, wannan ta wuce, wannan ta wuce, shi kuwa duk dukan da ya kawo sai ya samu. Na ja da baya zuwa ƙofa, layina kamar zare, matakala da ɗan nisa. A jaka ba abin da ya rage sai wata koriyar kwalba da ban sani ba.

Na ajiye wayar na yi la'asar, na dawo na same shi yana jira. Na zauna na auna. Cikin kwalaben da ban gano ba a wannan shigar, masu sharri sun fi yawa. In na jefa masa ta zama wuta ko barci ko makanta, shi zai kwasa, ni kuma in samu in kai matakala. In na sha kuwa, sai in ta warkarwa ce kaɗai zan tsira. Na jefa. Ta fashe a ƙirjinsa, wani farin haske ya tashi, jan layinsa da na sha wuya kafin in rage ya cika taf. Ta warkarwa ce. Ya tako ya gama da ni.

Na daɗe ina kallon wayar. Da na sha da na rayu, wannan gaskiya ce, ba zan murɗe ta ba. Na jira nadama ta zo. Haushi ya zo, mai yawa ma, amma nadama ba ta zo ba. Da za a mayar da ni bakin ƙofar nan da iya abin da na sani a lokacin, jefawa zan sake yi. Ramin bai nuna mini na yi kuskure ba, ya dai nuna mini yana iya kashe wanda bai yi kuskure ba, wannan kuwa na san shi tun ranar da likita ya ajiye biro. Na ɗaga kai na hangi gorar Gwaggo a saman firji. Wataƙila ita ce. Wataƙila tsohon nan na ruga ya san abin da likitana bai sani ba. Ba zan taɓa sani ba, kuma na yarda in zauna da rashin sanin. Na danna na koma bakin rami.

Ranar gwaji likita ya daɗe yana duban takardar. Ya ce bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba, mu ci gaba a haka, ba maganar inji a yanzu. Na tambaye shi ko ƙin shan gorunan ne ya taimaka. Ya ce ba zai rantse ba, akwai masu kiyayewa sosai kuma su ƙare a kan injin. Amsar ba ta ba ni haushi ba, na saba da irinta a rami. Da muka wuce ƙofar ɗakin injinan nan na sake yi wa na ciki addu'a, na wuce da ƙafata.

A mota na ce wa maigidana ya kai ni Gobarau. Ya ce dama can za mu, Gwaggo ta san yau ne gwajin. Ashe duk kwanakin nan da ba ta ɗaukar wayata, shi take kira tana tambayar jikina, ta kuma hana shi ya gaya mini. Ya sauke ni a bakin lungu ya ce shi zai jira a masallaci, wannan faɗan ba nasa ba ne.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, sandar a gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar duka, ba ta rage ko ɗaya ba, amma idonta yana kan bango.

"Mi likitan naku ya ce?"

"Ya ce shina nan yadda yake. Bai ƙaru ba."

"Alhamdu lillahi." Ta gyara zaman sandar a gefenta. "Gorar tana nan?"

"Tana nan."

"Da kin sha da yanzu kin warke."

"Wataƙila, Gwaggo."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. Gardama ta shirya wa, ba ta samu ba. Ta ja tsaki, ta miƙa hannu bayanta ta jawo wasu kwanoni biyu a rufe, ta tura su gabana, ta buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa. Ban ji ƙanshin komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan nan. Ta nuna kwanon da yatsa, murya a sama kamar mai yi mini faɗa.

"Wannan shinkahwa ce. Wannan kuɓewa ce, ni na yanka ta na shanya da hannuna. Da albasa, da ɗan man gyaɗa, da ruwan da na tahwasa. Ba gishiri, ba kanwa, ba daddawa, ba dunƙule. Mijinki ya hwaɗa mani duk abin da aka hana ki. Kin ji abin da ke ciki?"

"Na ji, Gwaggo."

"To ci, tunda ke yanzu sai an yi maki bayani."

Na wanke hannu na gutsura. Tun da nake ban taɓa cin miya marar daɗi irin wannan daga hannunta ba, salam take kamar ruwan wanke kwano. Ina cikin kai loma ta biyu sai na ga ta jawo buta ta wanke nata hannun, ta matso, ta sa a kwanon. Matar da ke barbaɗa gishiri tun kafin ta ɗanɗana ta kai loma baki, ta yamutsa fuska, ta haɗiye da ƙyar.

"Wannan ai ba abinci ba ne," in ji ta, ta sake gutsura. "Gorar dai kada ki zubar mani."

"Ba ni zubarwa. Ba ni kuma sha."

"Ci, kin cika baki."

Muka cinye tare, har na suɗe kwanon.